Jitar Auta da Sukundireban Babanta

Duk wanda janareta ya taɓa yi wa tsiya a unguwar ya san Likita. Ba a asibiti yake aiki ba, allura ma tsoronta yake ji. Makaniken janareta ne da injin ban ruwa, a wata rumfar kwano da ke bayan layin masu walda, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta daina karɓa. Sunan kuwa daga yadda yake duba inji ya samo shi. Wani makaniken in ka kai masa aiki, sai ya kwance komai ya baje a buhu kafin ya fara tunanin abin da ke damun injin. Likita cewa yake a tayar. In ya tashi, sai ya zaro dogon sukundireba daga aljihun rigar aiki, ya kafa bakinsa a jikin injin, ya manna ƙotar a ƙashin da ke bayan kunnensa, ya lumshe ido. Ya matsa nan, ya matsa can, mai inji na tsaye yana zare ido kamar wanda ya kawo ɗansa ba lafiya. Can sai ya buɗe ido ya ce, "Boris ne," ko kuwa, "Bawul ɗin nan ya gaji." In ka je rumfar yau, sabon sukundireba za ka gani a hannunsa, mai ƙotar roba. Tsohon, mai ƙotar katako wadda gumin hannu ya mayar baƙa ƙirin, ya canza wurin aiki.

Masu kawo gyara sun ɗauka salo ne kawai irin na gwanaye. Ba su san wannan sukundireban shi ne kunnen da ya rage masa ba. Shekarun baya, 'yarsa Auta tana goye, tankin iska ya fashe a rumfar mai faci, Likita yana tsugune a gefensa ya je aron sifana. Ko ƙwarzane bai samu a jiki ba. Ya dai miƙe ya ga mutane suna gudu baki buɗe amma babu ihu, ya shafa wuyansa ya ji danshi, ashe jini ne ke biyowa daga kunnuwansa. A asibiti aka ce dodon kunne ne ya fashe, duka biyun. Suka warke, suka sake ruwa, suka sake warkewa, kowace shekara kuma duniya tana ƙara ja masa da baya. An taɓa ba shi na'urar saƙalawa a kunne. A rumfar da janareta ke ruri ta riƙa yi masa fito har kansa ya ɗau ciwo, ya jefa ta durowa bai sake waiwayarta ba. Amma abin da ya biyo ta ƙashi, wannan tas yake jin sa.

A gida an san kunnen Baba da nauyi. Inda nauyin ya kai ne ba wanda ya sani, don Likita mutum ne mai shegen zurfin ciki, ga girman kai irin na masu shiru. Ya koyi karanta baki. In mutum ya fuskance shi ya ɗan ɗaga murya, yana kama rabi da kunne, ya cike rabi da ido. Inda ya rasa duka biyun kuma yana da amsoshinsa da ya tanada: "Haka ne," da "To, madalla," da "Allah ya kyauta." Yawanci suna fitar da shi. Ranar da maƙwabcinsa ya zo da murna yana gaya masa matarsa ta haifi tagwaye, Likita ya girgiza kai ya ce "Allah ya kyauta," sai da Maman Auta ta bi mutumin har ƙofa tana ba da haƙuri. Ita dai ba ta da matsala da shi. Tela ce, ta saba magana a kan ƙarar keken ɗinki, kuma Allah ya hore mata muryar da ko bango sai ya ji.

Akwai sauti guda da yake ajiye a ransa tun kafin duk wannan: muryar mahaifiyarsa. Inna wanki da guga take yi wa mutane, kuma ba ta iya ɗaga dutsen guga ba tare da waƙa ba. Murya ce siririya, in ta hau sama sai ta ɗan karye kaɗan kafin ta sauko. Ta rasu kafin ya yi aure. Maman Auta ba ta san ta ba, ba wanda ya taɓa naɗar muryarta, 'yan'uwansa da suka san ta sun bi ta. Shi kaɗai ya rage da ita, ita ma ɗin yana jin tana dusashewa, don kunnen da ba ya jin sabo, tsohon ma zubewa yake yi a hankali.

Sai ga Auta. Yayyenta maza sun girma sun kama gabansu, ita ce ta cika gidan. Tana jaririya a ƙirjinsa take barci, in ta yi ɗan gurnaninta na yara yana jin sa ta haƙarƙarinsa, ya yi ta shafa bayanta yana murmushi. Daga nan ta girma ta sauka daga ƙirji, jin ya tafi da ita. Tun kafin ta shiga makaranta ta fara waƙa, shi kuma a fuskokin mutane ya fara sanin 'yarsa tana da wani abu. Zai ga ƙafar Maman Auta ta tsaya cak a kan keke, zare na lilo. Zai ga matar maƙwabci ta leƙo ta taga da kumfa a hannu ta manta da wankin. Ya juya ya ga Auta a bakin ƙofa, ido a sama, baki yana motsi. Shi abin da ke iso masa bai wuce kukan sauro a ɗaki na gaba ba.

In ta gama kuma gunsa take nufa, ba gun uwarta ba.

"Baba, ka ji? Ya yi daɗi?"

"Ya yi daɗi, Auta."

Ƙarya yake, ya kuma san ƙarya yake, abin yana cin sa fiye da kurumtar kanta. Yana tsoron ranar da za ta gane cewa duk waƙoƙin da ta rera masa a iska suka tafi. Yana kuma tsoron ya mutu bai taɓa jin muryar 'yarsa ba.

Da ta kai shekara tara ko goma, ta kwashi gwangwanin man inji da guntun katako da wayar birki daga rumfarsa, ta haɗa wani abu da ta kira jita. A makaranta akwai ta gaske guda ɗaya da yara ke layi a kanta. Wata rana malamar kiɗa ta tako har rumfa, tana tattare siket kada baƙin mai ya taɓa, ta ce masa yarinyar nan ta wuce jiran layi, a nema mata tata. Malamar ta saba da aji, magana take dalla-dalla, don haka ya ji ta sarai. Ta ce kada a aika a sayo, a je da ita ta riƙe, a saurara, a ɗauki wadda sautinta ya kwanta.

Da yamma ana cin abinci Maman Auta ta ce ita kayan makarantar mutane sun yi mata yawa, ba za ta samu zuwa ba, ko a roƙi malamar ta raka su. Auta ta ajiye cokali.

"A'a. Baba ne zai zaɓa. Duk garin nan wa ya kai shi iya sauraro?"

Uwar ta yi dariya har da tafi. Likita ya ce, "To, madalla."

Ranar tafiya Maman Auta ta goge masa rigar fita, ta tsaya a kansa har ya wanke baƙin man da ke ƙarƙashin faratansa iya abin da zai fita. Yana shirin fita ta laluba aljihunsa ta zaro sukundireba.

"Baban Auta, wai kai ko gidan biki da wannan za ka? Shagon kiɗa za ku, ba gareji ba. Kalli yadda ya huda mini aljihu."

Ta ajiye shi kan teburin keke. Bai yi musu ba, ya fita tsakar gida yana jira. Auta ta fito daga baya, goye da jakar makaranta. Ya tambaye ta yau kuma karatun me za a yi ranar hutu, ta ɗaga kafaɗa ta kama hannunsa.

Shagon yana saman bene, tsakanin kantin magani da na masu gyaran waya, sai an hau wata matsattsiyar matakala. Likita ya tura ƙofa ya tsaya. Ya yi rayuwarsa cikin ƙarfe da tsatsa da hayaƙi, bai taɓa shiga ɗaki irin wannan ba. Jitoci ne rataye tun daga ƙasa har rufi, masu ruwan zuma, masu ruwan ƙasa, ja, baƙi, hasken taga yana zamewa a jikinsu. Ɗakin ƙamshin katako yake da man goge shi. Sai ya ga ya ɓoye hannuwansa a bayansa ba tare da ya shirya ba.

Mai shagon dattijo ne, siriri, da tabarau a goshi. Faratan hannunsa na dama dogaye, na hagu kuma an yanke su ƙurmus, abin da ya ba Likita mamaki har sai da ya ga yadda yake aiki da su. Suka gaisa. Dattijon ya dubi Auta ya ce, "Wannan ce gwanar?" Auta ta ɓuya a bayan babanta, ita da ba ta san kunya ba a gida.

Likita ya nuna wata ƙatuwa ja mai sheƙi, don a ganinsa in za a yi abu a yi babba. Dattijon bai yi gardama ba, ya sauko da ita ya zaunar da Auta a kujera ya ɗora mata. Yarinya ta ɓace. Gashinta kawai ake gani ta sama, da 'yan yatsu suna laluben inda wayoyin suke.

"Malam, 'yar taka ka zo saya wa jita, ko jitar za ka saya wa 'ya?"

Ya ji wannan, don dattijon yana fuskantarsa, ya yi dariya. Aka mayar da ja. Dattijon ya ce yaro ƙarama ake fara masa da ita, wadda hannunsa zai zagaye wuyanta ba tare da ya yi miƙa ba. Ya ce kuma a bar masu tsirkiyar ƙarfe tukuna, suna yanka yatsun yara har su tsani abin, a fara da ta nailan mai laushi. Ya kama hannun Auta ya juya, ya ga kantar da wayar birki ta yi mata a kan yatsu, ya ɗaga gira. A ƙarshe aka tsaya a kan guda biyu, ɗaya fara-fara, ɗaya mai duhu.

Likita ya karɓi farar ya ji kamar bai ɗauki komai ba. Ya kai ido ramin da ke tsakiyarta ya leƙa. Ciki fayau, sai wasu siraran haƙarƙari na katako da aka manna, ba ƙusa ko ɗaya, ba noti, ba waya, ba inda mai ke shiga. Shi ya san sauti abu ne da ƙarfe ke yi in ya ci ƙarfe, in wuta ta tashi a cikin silinda. A ce wannan akwatin iska, da katakon da bai kai kaurin kwali biyu ba, shi ne ke tsayar da mutane a hanya? Ya daɗe yana leƙe.

Dattijon ya shiga jero sauran kaya a kan kanta. Jaka mai soso a ciki, don jita ba ta son rana, ba ta son a buge ta a ƙofar mota. Maɗauri na rataya a kafaɗa, ya rage tsawonsa daidai jikin Auta. Tsirkiya ta ajiya, don ta ƙasan can ba ta sallama in za ta tsinke. Ƙyallen gogewa. Sai wasu 'yan robobi masu kamar farce da ake kaɗawa da su, ya ɗebo da yawa ya zuba, ya ce mai nailan da yatsa ya fi, amma yara sai sun gwada, kuma waɗannan ƙafa gare su, ka ajiye a tebur ka tsince su a cikin takalmi. Likita yana ta gyaɗa kai. Wannan ɓangaren ya gane shi, kowane inji da kayan gyaransa.

Daga nan dattijon ya zauna, ya ɗora farar a cinya, ya sunkuyar da kai ya fara. Dogayen faratan nan suka shiga yawo a kan tsirkiyoyi, 'yan yatsun hagu suna hawa suna sauka. Wani saurayi da ya shigo tambayar wani abu ya tsaya a bakin ƙofa hannunsa a kan mariƙi. Likita yana ganin tsirkiya tana rawa har ta koma biyu a ido. Kunnensa kuwa ɗan dum-dum kawai yake tsinta daga mai kaurin, can nesa. Dattijon ya ajiye, ya ɗauki mai duhun, ya maimaita, sannan ya ɗago.

"To, Malam. Wacce?"

Likita ya yi abin da ya saba, ya saci kallon fuskar Auta don ya ga wacce ta fi haska ta. Yau fuskar ba ta ba shi komai ba. Shi take kallo, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Duka suna da daɗi," ya ce.

Dattijon ya miƙe ya juya baya yana neman wani abu a durowa, yana magana. Likita ya ga kafaɗarsa tana motsi, ya ga ya ɗan waiwayo yana jiran amsa, sai ya jefa wadda ta fi kusa. "Haka ne." Abin da dattijon ya tambaya shi ne ko shi ma yana kaɗawa. Sai kuwa ya juyo da fara'a ya miƙo masa mai duhun da hannu biyu.

"Ashe da gwani nake zaune! To bismillah, mu ji."

Likita ya tsaya riƙe da jita kamar wanda aka miƙa wa jaririn mutane ba shiri. Dattijon ya dube shi, ya dubi kunnensa, ya dubi yarinyar, fara'ar ta ragu a hankali. Mutumin kirki ne. Ya karɓi jitar, ya dawo gaban Likita sosai, ya buɗe hannunsa. Abin da ya ɗauko a durowa ne, wata 'yar na'ura baƙa da baki irin na abin maƙale shanya, da ɗan gilashi a goshinta.

"Na manta da wannan, ita ma dole ce," ya ce, yanzu a hankali, yana buɗe baki sosai. Wannan buɗe bakin ya fi zagi yi wa Likita ciwo, don ya san an gane shi, a gaban 'yarsa kuma. "Tsirkiya kullum sai ta ɗan saki. Wannan ce za ta gaya mata ta ɗaure ko ta sassauta."

Ya maƙala ta a kan jitar, can ƙarshen wuya, ya taɓa tsirkiya guda. Gilashin ya kawo ja. Ya murɗa ɗan maɓallin da ke ɗaure ta kaɗan, jan ya koma kore. A daidai nan wata babbar mota ta wuce a titi har gilashin taga ya yi rawa, koren bai ko motsa ba.

Kunya ba ta hana makanike tambaya. "Ƙarar waje ba ta rikita ta?"

"Ina! Ai ba ta da kunne. Ko ganga ake bugawa a kanta ba ta sani ba. Rawar katakon take ji a jikinta."

Likita ya ƙura wa 'yar abar ido. Wani can a wata ƙasa, wanda bai san da shi a duniya ba, ya zauna ya ƙera abu kurma don ya saurari kiɗa, kuma masu kunne biyu lafiyayyu shi suke tambaya ko sun yi daidai. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya tarar da hudar da Maman Auta take mita a kai, ba komai.

Sai ya ji an ja gefen rigarsa. Auta ta sauke jakar makaranta, ta zuge, ta zura hannu har kafaɗa. Babu littafi ko ɗaya a ciki. Ta fito da sukundireban, ta miƙa masa ta ƙota, yadda ya koya mata a miƙa kayan aiki.

Ya karɓa, ya zauna a kujerar da ke kusa. Ya dube ta.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta matso gabansa daidai inda hasken taga zai faɗa a bakinta. Sai a lokacin ya lura kullum haka take tsaya masa.

"Tun ina aji biyu. Wata rana na tsaya a bakin ƙofa na yi ta motsa baki, ban fitar da murya ba. Da na gama na tambaye ka, ka ce ya yi daɗi." Ta sunkuyar da kai, ta tuna, ta sake ɗagowa don ya ga bakin. "Ban gaya wa Mama ba."

Ya so ya ba ta haƙuri, bai san ta inda ake fara ba wa yaro haƙurin shekaru ba. Ita kuma ba haƙuri ta zo karɓa ba, har ta haye kujera ta rungumi farar jitar. Dattijon ya cire 'yar na'urar daga mai duhun, ya nuna irin gurbinta a kan farar da dogon farcensa.

"Sa nan, Malam. Ƙwarzane ɗaya ba zai kashe ta ba."

Likita ya kafa bakin sukundireba a katakon a hankali, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido. Auta ta ja babban yatsa a kan tsirkiyoyin shida, daga sama har ƙasa.

Sai da ya zabura. Sautin bai zo daga waje ba, a tsakiyar kansa ya buɗe, ya cika shi har haƙora. Shida ne, kowanne da muryarsa, kuma sun haɗu ba wanda ya taka wani. Ya bi su yadda ya saba bin inji, yana jiran inda zai ji gargada, inda wani abu ke cin wani. Babu. Duk abin da wannan ƙarfen ya taɓa kawo masa ciwo ne, abin da ya goge, abin da ya kusa karyewa. Yau ne farkon da ya kawo masa abin da lafiyarsa ƙalau. Sautin ya daɗe yana sirancewa, ya bi shi har inda ya ƙare, ya zauna cikin shirun da ya bari, wanda ba irin shirun da ya sani ba ne.

Ta fara kiɗa sosai, yatsun nan masu kanta suna tafiya ba tuntuɓe. Wa ya koya mata wannan? A gidansa aka haife ta, shi yake ɗaure mata igiyar takalmi, ga shi tana yin abin da ya sa yake jin kamar ya cire hula. Aka canza zuwa mai duhun. Farar tana da kaifi da walwala, wannan kuma tana da zurfi, sautinta yana sauka har ƙirji ya zauna. Bai buɗe ido ba ya ɗaga yatsa ya nuna ta. Dattijon ya gyaɗa kai, ya tafi rataye farar.

Likita zai sauke sukundireba, Auta ta riƙe masa hannu ta mayar. Ta gyara zama, ta lanƙwasa wuya ta kafa haɓarta a kan kafaɗar jitar, ta danna sosai har kumatunta suka tattare. Zama ne mai ban dariya, saurayin bakin ƙofa ma sai da ya murmusa. Ashe ta daɗe tana gwada wannan da gwangwaninta a bayan ɗaki. Ta ja numfashi, ta fara waƙa.

Muryar ta bi ta haɓarta ta shiga katako, ta hau wuyan jitar, ta bi ƙarfen ta shiga ƙota, ta iso shi. Ƙarama ce, a bayan tsirkiyoyi take, amma ita ce, kuma ba ta da nisa. Siririyar murya. Ta hau, ta hau, a can sama ta ɗan karye kaɗan kafin ta sauko.

Ƙamshin gawayin dutsen guga ya cika masa hanci a shagon da ba wuta. Ya sa ɗayan hannun ya tallafe ƙarfen kada bakinsa ya zame. Hawaye suka bi gemunsa suka ɗiga a kan rigar da aka goge masa, bai ko yi ƙoƙarin sharewa ba, hannuwan duka suna aiki.

Ta kai ƙarshe ta ɗago, shatin katako a haɓarta.

"Baba, ka ji?"

Tsohuwar amsar ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta.

"Na ji," ya ce. "Muryar Inna ce. Har 'yar karyewar nan ta sama, duk tata ce. Ke ba ki san ta ba, ni ma na kusa mantawa."

Auta tana ta kallonsa. Dattijon ya cire tabarau yana gogewa da ƙyallen jita, ya daɗe yana gogewa. Kayan suna nan zube a kan kanta, jaka da maɗauri da robobi, ba wanda ya tuna da su. Likita ya gyara zaman ƙotar a bayan kunnensa, ya ce ta sake daga farko.